Nargis: Yarinyar Da Ta So Zama Likita, Duniya Ta San Ta A Matsayin Uwar Indiya

Idan kina cikin waɗanda suka yi wayo a Kano ko Kaduna ko Zariya a shekarun 1980, ba sai an tuna miki yadda ake ɗokin daren da za a sa fim ɗin Indiya a talabijin ba. Tun da yamma an sauke tuwo an gama wanke-wanke, yara suna ta zarya gidan maƙwabta masu akwati suna tambayar wanne za a sa yau, manya kuma na fatan kada a ɗauke wuta. Matan aure dama ba sa zuwa silima, Rex da Plaza da Marhaba wuraren maza ne, duk da cewa tun shekarun 1950 Kwarori 'yan Labanan suke shigo da fina-finan Indiya ƙasar Hausa. Talabijin ce ta kawo mana su har tsakar gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa tashar NTA Kano kaɗai ta nuna fina-finan Indiya 1,176 daga 1977 zuwa 2003. A cikin wannan tulin kuwa, da wuya a sami wanda ya sa iyayenmu mata hawaye kamar Mother India, wato Uwar Indiya. To matar nan da kika gani saɓe da garma a kafaɗa, fuskarta duk taɓo, ita ce za mu duba rayuwarta a wannan fitowar.

Sunanta na yanka Fatima Rashid. An haife ta a birnin Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Mahaifinta ɗan masu hali ne daga Rawalpindi, wadda ke cikin Pakistan a yanzu, asalinsa mabiyin addinin Hindu ne, ya musulunta ya ɗauki suna Abdul Rashid, ya auri mahaifiyarta. Ita kuwa mahaifiyar, Jaddanbai, shahararriyar mawaƙiya ce, kuma tana cikin mata na farko-farko da suka tsara kiɗan fim a Indiya, har ta kafa kamfaninta na shirya fina-finai. A gidan nan dai ita ce mai faɗa a ji. A 1935, Fatima na da shekara shida, uwar ta sa ta a wani fim nata mai suna Talash-e-Haq, aka laƙaba mata Nargis, sunan wata fure ce da harshen Farisa. Daga nan sunan ya bi ta har kabari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yarinyar ba fim take so ba. An sa ta makarantar 'yan mata ta Queen Mary a Bombay, wanda ake kira Mumbai yanzu, burinta kuma ta zama likita. Amma tana da shekara 14 darakta Mehboob Khan ya nemi ta ja ragamar fim ɗinsa Taqdeer, uwar ta amince, fim ya fito a 1943 ya kuma karɓu. Shi ke nan an rufe maganar karatu. Ki duba 'yarki ko ƙanwarki mai shekara 14, ki ƙiyasta an tsayar da ita gaban na'urar ɗaukar hoto ana cewa ta yi soyayya da Motilal, mutumin da ya girme ta da kusan shekara ashirin. Haka sana'ar take a wancan zamanin, kuma ba ita kaɗai ba ce: Meena Kumari da Madhubala duk tun suna ƙanana aka tura su neman abin da gida zai ci. Ana yawan ba da labarinsu kamar wata sa'a ce ta faɗo musu daga sama, a ganina kuwa ƙuruciyarsu aka sayar.

Shekarar 1949 ce ta ɗaga ta. A shekarar ta fito a Andaz tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor, ta kuma fito a Barsaat, kuma a shekarar dai Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Daga nan ta zama tamkar 'yar gida a kamfanin Raj Kapoor, suka yi fina-finai 16 tare, ciki har da Awaara a 1951, inda ta fito a matsayin lauya, da Shree 420 a 1955, mai waƙar nan da suke tafe cikin ruwan sama ƙarƙashin lema ɗaya. Awaara ya yi farin jinin da ya wuce Indiya, har suka je Mosko a 1954 Rashawa suka yi musu tarbar sarakuna. Tambarin kamfanin ma, namiji riƙe da goge a hannu ɗaya da mace a ɗayan, daga wata fitowarsu a Barsaat aka ɗauko shi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai soyayya tsakaninsu shekara da shekaru. Shi kuwa yana da matarsa Krishna da 'ya'ya, bai kuma da niyyar rabuwa da su. Da ta ga babu inda hanyar za ta ɓulle, sai ta tattara nata ya nata bayan Chori Chori a 1956. Ba za mu tsaya tonon wannan ba, sun riga mu gidan gaskiya dukansu.

A daidai wannan lokacin ne Mehboob Khan, wanda ya raba ta da makaranta, ya dawo mata da aikin da ya fi kowanne. Ya taɓa yin labarin a 1940 da sunan Aurat, yanzu yana so ya sake shi da launi, da kuɗi masu yawa. Bari in tuna miki labarin, don a nan ne za ki ga dalilin da ya sa Bahaushiya ta ɗauke shi kamar a ƙauyensu aka yi.

Radha amarya ce, an kai ta gidan Shamu da kiɗa da shagali. Ashe surukarta bashin rufi 500 ta ciyo wurin mai ba da kuɗi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin fita kunya, ta jinginar da gona. Da yake ba wanda ya iya karatu a gidan, abin da aka dangwala wa hannu daban, abin da aka faɗa da baki daban, sai ga shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na tafiya wurin Sukhilala duk shekara, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Garin share wani fili mai duwatsu don su ƙara noma, dutse ya danne hannuwan Shamu duka biyu. Gorin da ake masa cewa mace ke ciyar da shi ya sa ya sulale cikin dare, ba a sake ganinsa ba. Surukar ta rasu, ambaliya ta cinye gida da amfanin gona, cikin 'ya'yanta huɗu biyu suka mutu. Sukhilala ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta. Ta je har ɗakinsa saboda kukan yunwar yara, amma ta fito da mutuncinta. Ita ta hana mutanen gari yin hijira, ta ja garma da wuyanta a madadin shanun da aka ƙwace. 'Ya'ya biyu suka girma, Ramu mai sanyi, Birju mai zafin kai wanda bai taɓa manta awarwaron uwarsa da ke hannun Sukhilala ba. Ƙarshe Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta. Radha da ta yi alkawarin ba za a keta haddin 'yar kowa a garin ba, ta ɗaga bindiga ta harbe ɗan da ta fi so.

Kin ga ai ba sai an yi wa kowa fassara ba. Bashin biki, jinginar da gona, mijin da ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa, uwar da ke surfe da daka don yara su ci, wanne ne baƙo a wurinmu? Mata da ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci suna ba da labarin fim ɗin daki-daki. Har yau kuma in an zauna ana musu a kan ko daidai Radha ta yi. Wasu na cewa ba uwar da za ta iya, wasu na cewa amanar 'yar mutane ta fi. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne rufi 500 ɗin nan, da aka kashe a kwana biyu aka yi shekara ashirin ana biya.

Abin mamaki, lokacin da aka yi fim ɗin Nargis ba ta kai talatin ba. 'Yar birni ce mai jin Turanci, wadda aka sani da farin sari da kwalliya, ba ta taɓa noma ba, ba ta yi aure ba balle haihuwa. Amma ta fito daga amarya har tsohuwa mai rawar jiki, ba wanda ya ce a'a. Sunil Dutt da ya fito a Birju kuwa, kwana biyar kacal ta ba shi a duniya, shi an haife shi 6 ga Yuni, 1929.

Wajen ɗaukar fitowar gobara a wani ƙauye a yankin Gujarat a 1957, iska ta juya, wutar da aka cinna wa tarin ciyawa ta kewaye Nargis da gaske. Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ya ƙone a fuska da ƙirji. Ita ta zauna jinyarsa, daga nan shaƙuwa ta shiga. Shi a lokacin ba kowa ba ne, ɗan gudun hijira ne da rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947 ta raba danginsa da garinsu, ya yi aikin gabatar da shiri a rediyo kafin ya shiga fim. An saki Mother India a Oktoban 1957, suka yi aure ranar 11 ga Maris, 1958, ba tare da wata gayya ba. Shi Hindu ne, kuma ke kin san matsayin irin wannan aure a shari'armu, ba sai na tsawaita ba. Tarihi muke bayarwa yadda ya faru.

Fim ɗin ya zama na farko daga Indiya da ya shiga jerin ƙarshe na gasar Oscar ta Amurka, a rukunin fina-finan harsunan waje, ko da yake wani fim na Italiya ne ya ɗauka. Ita kuma ta sami kyautar Filmfare, da ta gwarzuwar jaruma a bikin Karlovy Vary na ƙasar Cekosulobakiya a 1958, gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a shekarar. Tana kan wannan ganiyar ta ajiye sana'ar ta koma gida. Ta haifi uku: Sanjay a 1959, wanda masu kallo suka sani a Khalnayak, sai Namrata, sai Priya wadda daga baya ta zama 'yar majalisa. Fitowarta ta ƙarshe mai nauyi ita ce Raat Aur Din a 1967, fim ɗin 'yan'uwanta maza, inda ta fito a matar aure mai taɓin hankali, da rana mutum ɗaya da dare wata daban. Da shi ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa.

Sauran shekarunta sun fi kama da abin da ta so tun tana yarinya. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta, suna kwasar mawaƙa da 'yan wasa zuwa bakin iyaka don ɗebe wa sojoji kewa. A farkon shekarun 1970 ta zama uwar ƙungiya ta farko ga wata ƙungiya a Bombay mai kula da yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, irin wadda ke hana gaɓoɓi aiki, yaran da a lokacin ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki don kunya, kamar dai yadda wasu ke yi a nan. Sunanta ya buɗe wa ƙungiyar ƙofofin masu kuɗi da na gwamnati, ita kuma ba suna kawai ta bayar ba, tana zuwa da ƙafarta.

A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya. Can ta tayar da ƙura, ta soki babban darakta Satyajit Ray cewa yana tallata talaucin Indiya ga Turawa don ya sami kyaututtuka. A nan kam ban bi ta ba. Wadda duniya ta sani ta dalilin fim ɗin yunwa da bashi, ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wannan ƙorafi, kuma mutane da dama sun faɗa mata haka a lokacin.

Ba ta daɗe a majalisar ba ciwo ya kwantar da ita. Aka gano ciwon daji ne ya kama wani sashe na cikinta da ke bayan tumbi, irin wanda ba a cika gane shi da wuri ba. Mijinta ya kai ta asibitin Sloan Kettering a birnin New York, aka yi ta aiki wata da watanni, shi yana zaune a gefenta. A gida kuma ga wata damuwar, domin Sanjay ya riga ya faɗa shaye-shayen ƙwaya, abin da shi da bakinsa ya sha bayyanawa daga baya. An dawo da ita Bombay a farkon 1981, ta rasu ranar 3 ga Mayu tana da shekara 51, aka binne ta a babbar maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi bikin nuna Rocky, fim ɗin Sanjay na farko a matsayin jarumi, wanda ta ci burin gani. Aka bar kujera ɗaya ba kowa tsakanin uban da ɗan.

Sunil Dutt bai sake aure ba har ya rasu a 2005. Ya kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji da sunanta, akwai kuma asibitin masu ciwon daji da ke ɗauke da sunan Nargis Dutt a garin Barshi na jihar Maharashtra, inda akasarin masu zuwa manoma ne daga ƙauyuka. Gwamnatin Indiya ta daɗe tana ba da wata kyautar fim ta haɗin kan ƙasa da sunanta, sai a 2024 aka sake wa kyautar suna aka cire nata.