Walt Disney: Daga rabon jarida da asuba zuwa fina-finan katun

Da wuya a samu yaron da bai san Mickey Mouse ba, amma mutumin da sunansa ke kan wannan ɓera ko sakandare bai kammala ba.

An haifi Walter Elias Disney ranar 5 ga Disamba, 1901 a birnin Chicago na Amurka. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka koma gona a Marceline da ke jihar Missouri, inda ya fara zane. Noma bai karɓi mahaifinsa ba, sai suka tattara zuwa Kansas City a 1911.

A nan ya ɗanɗana wuya. Mahaifin ya shiga sana'ar rarraba jarida, Walt da yayansa Roy kuwa su ne ma'aikatan. Ƙarfe 4:30 na asuba suke tashi, ko ana zuba dusar ƙanƙara, su bi gida-gida kafin makaranta, da yamma su sake zagayawa. Ba mamaki ya riƙa gyangyaɗi a aji. Duk da haka, ranar Asabar yakan je koyon zane.

A 1918 ya nemi shiga soja aka ce shekarunsa ba su kai ba. Sai ya sauya shekarar haihuwarsa a takarda, ƙungiyar Red Cross ta ɗauke shi direban motar asibiti. Ko da ya isa Faransa, an riga an tsagaita wuta.

Ainihin horon ya same shi ne bayan ya dawo Kansas City a 1919. Ya haɗu da wani matashin mai zane, Ub Iwerks, daga baya suka kama aiki a kamfanin tallace-tallacen sinima, inda ake motsa yankakkun takardu a gaban kyamara. Walt bai gamsu ba. Ya aro littafin E. G. Lutz kan katun, ya aro kyamara, ya riƙa gwaji da dare a garejin gida har ya gane cewa zana kowane motsi daki-daki ya fi kama da rai.

Kamfaninsa na Laugh-O-Gram ya karye a 1923, bayan talauci ya kai shi kwana a ofis. Yana da shekara 21 ya hau jirgin ƙasa zuwa Hollywood.

Gaskiya Iwerks ya fi shi hannu, shi ne ma ya zana fina-finan Mickey na farko a 1928. Walt ya fi ƙwarewa wajen tsara labari da juya ma'aikata. Ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65.