Gardner Fox

Gardner Francis Cooper Fox (20 ga Mayu, 1911 zuwa 24 ga Disamba, 1986) marubuci ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya yi fice wajen rubuta labaran zane a kamfanin DC Comics. Shi ne ya rubuta labaran farko na Justice Society of America, ƙungiyar jarumai masu baiwa ta musamman ta farko a tarihin mujallun zane, da kuma na Justice League of America wadda ta gaje ta.

Farkon rayuwa

An haifi Fox a Brooklyn da ke birnin New York. Ya karanta shari'a a kwalejin St. John's, kuma ya samu izinin aikin lauya a shekarar 1935. Lokacin ya zo daidai da matsin tattalin arzikin da ya addabi Amurka, don haka bayan kimanin shekara biyu ya koma rubuta labarai wa edita Vin Sullivan. A 1939 ya rubuta wasu daga cikin labaran Batman na farko. A watan Janairun 1940, cikin fitowar farko ta Flash Comics, ya gabatar da Flash tare da mai zane Harry Lampert, da Hawkman tare da Dennis Neville. A shekarar ce kuma ya ƙirƙiro Doctor Fate.

Justice Society of America

Kafin ƙarshen 1940, kowane jarumi na da labarinsa shi kaɗai. Fox da edita Sheldon Mayer suka tara takwas daga cikinsu a fitowa ta uku ta All Star Comics: Flash, Green Lantern, Hawkman, Doctor Fate, Spectre, Sandman, Atom da Hourman. Jaruman sun fito ne daga kamfanoni biyu masu alaƙa da juna, wato Detective Comics da All-American Publications.

A fitowar farko, jaruman sun zauna taro ne kawai, kowa yana ba da labarin abin da ya same shi. Daga fitowa ta huɗu tsarin ya sauya: a buɗe da matsala guda, kowane jarumi ya ɗauki ɓangarensa a babi na daban wanda sau da yawa mai zane daban ke zanawa, sannan a haɗu a ƙarshe. Akwai kuma ƙa'idar cewa duk wanda ya samu mujalla ta kansa zai koma ɗan ƙungiya na girmamawa, domin a ba waɗanda ba su shahara ba fili. Wonder Woman ta fara bayyana a fitowa ta takwas a 1941, daga baya ta zama sakatariyar ƙungiyar. Fox ya ci gaba da rubuta labaran har zuwa 1947. Kasuwar jarumai ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma labaran ƙungiyar suka tsaya a fitowa ta 57 a 1951.

Justice League of America

A 1960 edita Julius Schwartz ya farfaɗo da tunanin da sabon suna. Fox ya rubuta, Mike Sekowsky ya zana, kuma ƙungiyar ta bayyana a fitowa ta 28 ta The Brave and the Bold tana fafatawa da Starro. 'Yan ƙungiyar su ne Superman, Batman, Wonder Woman, Flash, Green Lantern, Aquaman da Martian Manhunter. Karɓuwar da ta samu na cikin abubuwan da suka sa kamfanin Marvel ya fito da Fantastic Four a 1961.

A watan Satumban 1961, a fitowa ta 123 ta The Flash, Fox ya haɗa tsohon Flash da sabon ta hanyar nuna cewa suna zaune ne a duniyoyi biyu masu kama da juna. Wannan dabarar ce ta ba tsohuwar ƙungiya damar haɗuwa da sabuwa a 1963, kuma DC na amfani da ita har yau.

Barin DC da rasuwa

A 1968 Fox da wasu tsofaffin marubuta sun nemi kamfanin ya ba su inshorar lafiya. Ba a biya musu buƙata ba, kuma aikinsa da DC ya ƙare bayan kusan shekara talatin. Jaruman da ya ƙirƙira sun ci gaba da zama mallakar kamfanin. Ya koma rubuta littattafan ƙagaggun labarai, irin su jerin Kothar da Kyrik, wasu kuma da sunayen aro.

An ƙiyasta cewa ya rubuta labaran zane sama da 4,000. Ya rasu a Princeton da ke jihar New Jersey yana da shekara 75. A 2007 aka karrama shi da lambar yabo ta Bill Finger, wadda ake bai wa marubutan da ba su samu yabon da ya dace da aikinsu ba.