Malam Aminu Kano da Jam'iyyar Malaman Arewa

An haifi Malam Aminu, Allah Ya jiƙansa, a birnin Kano cikin 1920, ɗan Malam Yusufu na gidan Gyanawa, gidan alƙalai. Da allo ya fara, kana ya shiga boko har Kwalejin Kaduna. Ya koyar a Midil ta Bauchi, ya tafi Ingila ƙarin ilmi cikin 1946.

Da ya komo, cikin 1948 ya tsaya aka kafa Jam'iyyar Malaman Arewa, domin malaman makaranta su nemi hakkinsu da murya ɗaya. To, a zamanin nan dokar Turawa ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa a fili. Aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi Maru ta ƙasar Sakkwato, nesa da jama'a, ko ya yi shiru. Bai yi ba. Da ya ga albashi ya zama linzami, sai ya ajiye aiki cikin 1950, abin da ba kowane mai iyali ke iyawa ba. Ya shiga NEPU, ya zama shugabanta cikin 1953.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja.