Shehu Shagari: Rigar kariya ta kujera ce, ba ta mutum ba

Kai da kake ta cacar baki a Facebook kan ko ɗan majalisa ya fi ƙarfin doka, ɗan tsaya ka ji labarin Alhaji Shehu Shagari.

In ka baro Sakkwato ka wuce Bodinga, za ka iske garin Shagari. Nan aka haife shi a 1925. Malamin makaranta ne kafin a zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954 ƙarƙashin NPC. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Tafawa Ɓalewa, daga baya ya riƙe minista.

To ka sani fa, kariyar ɗan majalisa ta tsaya ne kan abin da ya faɗa a zauren majalisa ko kwamiti. Ba a kai shi kotu kan wannan. Amma in ya ci kuɗin jama'a, babu ruwan doka da muƙaminsa. Cikakkiyar kariya ta shugaban ƙasa ce da gwamnoni da mataimakansu, ita ma sai suna kan kujera.

Shagari ya sa wannan riga a 1979. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka tuɓe masa ita, aka tsare shi. A 1986 kwamitin bincike bai same shi da laifin cin hanci ba, aka sake shi. Halinsa ne ya tsaya masa ranar da kujera ta tafi.

Ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018. Allah ya jiƙansa.