Marjari Firai, Matar da Ta Tuna da Wanda Aka Cuta

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata mata ta ƙasar Ingila, wadda ta kashe tsufanta a kan tambayar da kowane ƙauye ya sani. In ɓarawo ya sace san noma ya sayar, jandarma suka kama shi, alƙali ya kai shi kaso, to mai sa fa? Wa zai mayar masa da abin da zai yi huɗa bana?

Sunanta Marjari Firai, turawa na rubuta shi Margery Fry. An haife ta a Landan ran 11 ga watan Maris 1874. Mahaifinta babban alƙali ne, gidansu kuma na bin wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas, waɗanda aka sani da ƙin yaƙi da ziyarar ƴan kaso. Ta karanci lissafi a Somerville, wadda a lokacin makarantar mata ce ta jami'ar Oksfod, a zamanin da jami'ar ba ta ba mace digiri. Sai a 1920 aka fara ba su. Daga 1904 zuwa 1914 ita ce mai kula da gidan kwanan ɗalibai mata na jami'ar Bamingam. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ta tafi Faransa a 1915 tana taimakon mutanen ƙauyukan da yaƙi ya rusa.

Bayan ta komo gida, a 1918 ta zama sakatariyar wata ƙungiya mai neman gyaran gidajen kaso. A 1921 ƙungiyar ta haɗe da wata, suka zama Howard League, Marjari ta ci gaba da riƙe ta har 1926. A 1921 ɗin nan kuma aka naɗa ta mai yanke ƙananan shari'u, tana cikin matan farko da suka hau wannan kujera a Ingila. Ta shugabanci tsohuwar makarantarta daga 1926 zuwa 1931, sa'an nan ta koma ga aikin kaso. Ta yi yaƙi da hukuncin rataya, ta nema wa talakan da ake tuhuma lauya, ta kuma dage a kafa ƙa'idodin riƙon ɗan kaso waɗanda kowace ƙasa za ta bi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da irin waɗannan ƙa'idodi a taron Janeba na 1955.

Duk wannan aiki don mai laifi ne. Da girma ya kama ta, sai ta lura akwai wani da kowa ya manta da shi a zauren shari'a, shi ne wanda aka yi wa ɓarnar. Ana kiransa ya ba da shaida, a sallame shi hannu wofi. In an ci mai laifi tara, kuɗin baitulmali suke shiga. A littafinta na 1951, mai suna Arms of the Law, ta tuna wa turawa cewa kakanninsu na biyan diyya ga wanda suka cuta, kuma jikoki sun yi sakaci da suka yar da wannan al'ada. A ganinta biyan diyya ba ya mayar da jiya yau, amma yana rage raɗaɗi, yana kuma koya wa mai laifi nauyin abin da ya aikata.

Sai dai ta ci karo da wata matsala: yawancin masu laifi ba su da ko anini. A 1957 ta rubuta a jaridar Observer labarin wani mutum da wasu biyu suka doka har ya makance. Kotu ta yanke masa diyyar fam 11,500, aka ce kowanensu ya riƙa biyan sule 5 a mako. Dattawan da suka yi fataucin Kano kafin zuwan naira a 1973 sun san sule 20 ke fam guda. In an buga lissafi, sai makahon ya yi shekara 442 a duniya kafin ya karɓi cikon kuɗinsa.

Daga nan ta kawo shawara ta biyu. Tun da gwamnati ta hana mutum ɗaukar fansa da hannunsa, ta kuma ɗauki alkawarin tsare shi, to in tsaron ya gaza wajibi ne ta biya shi daga kuɗin jama'a, kamar yadda ake biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Ba ta ga amfanin shukarta ba, don ta rasu ran 21 ga watan Afrilu 1958, tana da shekara 84. Amma a 1963 ƙasar Niyu Zilan ta kafa dokar biyan waɗanda aka raunata ta hanyar laifi. Ingila ta bi a 1964, jihar Kalifoniya ta Amurka a 1965.

Kuɗin gwamnati na sayen magani, amma ba sa haɗa mutum biyu su dubi juna. Wannan sashe na bayanta suka cika shi. A 1974, a garin Elmira na Kanada, samari biyu suka yi wa mutane 22 ɓarna a dare guda. Alƙali ya yarda aka zaga da su gida gida, suka ji ta bakin masu kayan, suka biya. A 1989 Niyu Zilan ta sa taron dangi cikin dokar yara masu laifi, bisa koyi da al'adar ƙabilar Mawori. Wannan hanya ita ake kira shari'ar gyaran ɓarna.

Mu a nan abin ba baƙo ba ne. In dabbobi suka shiga gona, dattawa kan je su gani da ido, a ƙiyasta damman hatsin da aka ci, mai dabbobi ya biya gaban mai gari, gobe kuma a gamu a rijiya ɗaya. Abin da tarihin Marjari ke tuna mana shi ne sharaɗin da ke sa sulhu ya zama adalci. A fara tambayar wanda aka cuta abin da ya rasa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa, ya biya da guminsa, ko da kwana bakwai na aikin gona ne. Manyan laifuka kamar kisa da fyaɗe kuwa, a bar wa kotu. Amma in aka taru aka matsa wa marar gata ya yafe don wanda ya cuce shi ɗan wane ne, ya tashi hannu wofi, ba a yi sulhu ba, an ƙara masa cuta ta biyu.

Sai wata fitowa.