Tomas Sankara, sojan da ya yaƙi hamada da dashen itace

A duk lokacin da aka ambaci sunan Kaftin Tomas Sankara, abin da ke fara zo wa mutane a zuciya shi ne juyin juya hali da kisan gillar da aka yi masa. Amma mu mazauna yankin Sahel muna da wani dalili na tunawa da shi, domin yana cikin shugabannin Afirka na farko da suka ɗauki sare itatuwa a matsayin barazana ga rayuwar ƙasa baki ɗaya.

An haife shi ran 21 ga Disamba 1949 a garin Yako, cikin ƙasar da ake kira Haute-Volta a wancan zamani. Ya shiga makarantar soja ta Wagadugu, daga nan ya tafi ƙarin horo a Antsirabe ta ƙasar Madagaska. Ya hau mulki ran 4 ga Agusta 1983 yana da shekara 33, bayan shekara guda kuma ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso.

Ya tarar da ƙasar cikin wani hali. Farin 1973 ya riga ya kashe dabbobi da dama, sai ga na 1984, wanda dattawanmu a nan Nijar ke kira El-Buhari. Sankara ya lura cewa ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ne sanadi ba, akwai hannun ɗan Adam. In aka sare itace, iska na kwashe ƙasar sama mai albarka, ruwan damina kuma ya wuce da gudu bai shiga ƙasa ba. Wutar daji tana cinye ƙananan tsirrai, ta kori namun daji daga mazauninsu. Abin da ya tsira daga wuta kuma awaki su ƙarasa shi.

Saboda haka a watan Afrilu 1985 gwamnatinsa ta ƙaddamar da yaƙi guda uku: da cinna wa daji wuta, da sare itatuwa barkatai, da sakin dabbobi ba makiyayi. Mai sayar da itacen girki sai ya mallaki takardar izini, kuma ya ɗauki alkawarin dasa madadin abin da ya sara. An koya wa mata gina murhu mai tsimin itace. Bikin aure ko na suna, ko zuwan wani babban baƙo, duk sun zama lokutan dashe. A watan Fabrairu 1986, wajen wani taro kan itatuwa da gandun daji a birnin Faris, ya sanar cewa an dasa itatuwa miliyan 10 cikin wata 15.

Aikin bai rasa aibi ba. Wasu daga cikin ƴan kwamitocin kare juyin juya hali sun wuce gona da iri wajen tilasta doka, makiyaya da dama kuma sun ga cewa dokar dabbobi kansu ta fi faɗawa. Ban da haka, ba kowane dashe ne ya rayu ba, tun da dasawa ta fi raino sauƙi.

Ran 15 ga Oktoba 1987 aka harbe shi a Wagadugu tare da mutum 12, abokinsa Blaise Compaoré ya karɓi mulki. Sai a 2022 kotun soja ta yanke wa Compaoré hukuncin ɗaurin rai da rai, a bayan idonsa.

Mu ma a nan mun san wannan gwagwarmaya. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan gurgusowar hamada, a 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti. Giwayen gandun dajin W, da muke tarayya da Burkina da Benin a kansa, ba su san iyakar ƙasa ba, haka ita ma hamada. Shekara 4 kacal Sankara ya yi kan mulki, amma tambayar da ya bar mana tana nan: itacen da muka sara bana don tuwon dare, wa zai dasa madadinsa, wa kuma zai kare shi daga bakin akuya har ya girma?