Marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Malamin Lissafin da Rabah ta Haifa

Da wuya a sami ɗan ƙasar Wurno ko Rabah ko Goronyo, a Legas yake zaune ko Kaduna ko Abuja, da zai ce bai san Gamji ba. Yara sun san fuskarsa a jikin takardar Naira 200, manya kuwa sun san shi da Firimiyan Jihar Arewa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin da ya fara yi. Kafin rawani, kafin siyasa, alli ne a hannunsa, yana koyar da Turanci da lissafi a birnin Sakkwato. A fitowar bana mun ga ya dace mu bi tarihinsa ta wannan fuska, domin kusan kowane mataki da ya taka a rayuwa akwai ƙidaya a cikinsa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah a shekarar 1910. Mahaifinsa shi ne Sarkin Rabah Ibrahim, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Muhammadu Bello shi ne ya mayar da Wurno ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan kuma ya rasu a 1837, har yau hubbarensa na nan ana ziyara.

Gidan da Ahmadu ya tashi gidan ilimi ne, ilimin addini kuwa ba ya rabuwa da hisabi. Mai rabon gado dole ya san rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi da sudusi. Mai fitar da zakka dole ya san cewa gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, wadda aka shayar da wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Saboda haka lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ya riga boko zuwa.

Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro. Bayan karatun allo aka sa shi makarantar boko ta lardi a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926, inda ya yi shekara biyar. A can ya zauna da samari daga lardunan Arewa daban-daban, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda daga baya suka riƙe ƙasa tare da shi.

Shekarun Alli da Allo

A 1931 ya dawo gida aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya yi shekara uku yana wannan aiki. Lissafin wancan zamani ba na wasa ba ne. Kuɗin da ake kashewa fam ne da sule da kwabo: kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Yaron da zai tara harajin ƙauye guda sai ya iya juya kwabbai zuwa sulalla, sulalla zuwa fam, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Daga irin waɗannan azuzuwa ake samun ma'aikatan En'e, wato malaman baitulmali da malaman hakimai da na asibiti da na gona. Kuskuren da ɗalibi ya fita da shi daga aji, talaka ne zai biya shi a ƙauye.

Rawani da Littafin Haraji

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, yana da shekara 24. Babban aikin hakimi a lokacin ƙidaya ce: magidanta nawa ne za su biya haraji, shanu nawa ne za a karɓi jangalinsu, nawa aka tara, nawa ya isa baitulmali. Ƙidayar shanu ita ta fi wuya, domin garke ba ya zama wuri ɗaya, makiyayi kuma ba ya ɗokin a san yawan dukiyarsa.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma Allah Ya ba Abubakar na Uku. Aka naɗa Ahmadu Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A can ne jarrabawa mafi zafi ta same shi. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, aka wanke shi. Duk wanda ya taɓa riƙe dukiyar jama'a, ko da ma'ajin ƙungiya ne irin tamu, ya san darasin da ke ciki: mutuncin mutum na iya rataya a kan 'yan alƙaluma da rasit guda.

Firimiya Mai Duba Alƙaluma

A 1948 ya tafi Ingila ya karanci sha'anin mulkin ƙananan hukumomi. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a 1949, ya zama minista a 1952, sannan Firimiya a 1954.

A 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bari sai lokacin da abin zai yiwu. An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas saboda wannan. Amma hujjarsa ta ƙidaya ce. Ko a 1957, ɗaliban sakandare a Arewa kaf ba su kai 4,000 ba, alhali na Kudu sun haura 28,000, ga shi kuma Arewa ce ta fi yawan jama'a. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san shekarun da ake ɗauka kafin a samar da akawu ɗaya, balle likita ko injiniya.

Bai tsaya ga faɗin giɓin ba, sai ya shiga cike shi. Gwamnatinsa ta ƙarfafa Yaƙi da Jahilci, ta ƙara makarantun sakandare da na horon malamai, ta kuma bi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. A ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shekara 13 bayan haka masanin lissafi ɗan Arewa, Farfesa Iya Abubakar, ya zama shugabanta, daga 1975 zuwa 1978.

Ƙidayar jama'a ma ta zama fagen daga a zamaninsa, domin da ita ake rabon kujeru. A zaɓen 1959 Arewa na da kujeru 174 cikin 312 na majalisar tarayya. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama, aka sake a 1963, ta ba Arewa mutum miliyan 29.8 cikin miliyan 55.6, gardamar kuma ba ta mutu ba. Al'ummar da ba ta da masu iya tattara alƙaluma da tantance su, sai dai ta karɓi abin da aka ce mata.

Rasuwarsa

A daren 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A Kaduna aka yi masa sutura.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan uwa, ƙasarmu ta yau ta fi ta zamanin Sardauna buƙatar lissafi. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka gama a 1984, an gina ta ne don ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Yaushe za a riƙe ruwa, yaushe za a sake shi, duk hukunci ne da ake yankewa bisa ƙididdigar ruwan sama ta shekaru masu yawa. Idan injiniya ya ce ambaliya ce ta sau ɗaya a shekara 100, nufinsa shi ne kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, ko da ta auku bara. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, da gidaje da gonakin da ta ci, sun san wannan ba zancen aji kawai ba ne. Haka manomin albasa ko tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo: sayarwa a kaka ko ajiyewa, bayan an cire abin da zai ruɓe, tambaya ce ta matsakaicin farashi da auna kasada. Waɗannan su ne darussan ƙididdiga da yiwuwar aukuwar abu da ke cikin manhajar sakandare. Yaron da bai ci lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO ba kuwa, ƙofar likitanci da injiniya da akanta a rufe take gare shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya mazauna birane da mu waiwayi malaman lissafi na makarantunmu na gida. Mu tallafa masu da littattafai da kayan aiki, mu ware kyauta ga malami da ɗaliban da suka yi fice, maza da mata, waɗanda Allah Ya ba ilimin a cikinmu kuma su ba da 'yan kwanaki lokacin hutu. Malamin da zai kawo misali da buhun albasa da awon ruwan gulbi zai ga yara sun daina gudun darasin. Da wannan za mu girmama ɗan Rabah fiye da rataya hotonsa a falo.

Allah Ya jiƙan Sardauna, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kuma albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani, amin.